Tarihin bindigar Winchester da masu kwaikwayonta a gida

A Amurka da wasu ƙasashen Turai akwai masu sha'awar tsofaffin makamai da ke amfani da na'urar ɗab'i ta 3D wajen sake ƙera bindigogin ƙarni na 19 a cikin gidajensu.

Daga cikin waɗanda ake kwaikwaya akwai samfurin Henry da Winchester, wato dogayen bindigogin nan masu mariƙi a ƙarƙashin kunama, waɗanda duk wanda ya taɓa kallon fina-finan kaboyi a gidan silima zai iya tunawa da su.

Wasu daga cikin abubuwan da ake bugawa kayan ado ne kawai, mariƙinsu yana motsi amma ba sa harba komai. Wasu kuwa ana yin su ne da nufin su ɗauki harsashi na gaske, kuma a nan ne hukumomin tsaro suke shigowa cikin lamarin.

Abin da ya fi damun hukumomin shi ne, bindigar da ta fito daga masana'anta tana ɗauke da lamba da ake iya bin sawunta da ita, ko da bayan shekaru ɗari ne, ita kuwa wadda aka buga a gida ba ta cikin rajistar kowa.

Yadda take aiki

Har zuwa tsakiyar ƙarni na 19, akasarin sojojin duniya suna amfani ne da bindigar da ake ɗura wa albarushi da dalma ta baki, kamar dai bindigar toka da maharba suka sani. Ƙwararren soja kan yi harbi biyu zuwa uku a cikin minti ɗaya.

Bindiga mai mariƙi ta sauya wannan lissafi. Ana jera harsasai ne a cikin wani siririn bututu da ke kwance a ƙarƙashin bututun da harsashi ke fita, ɗaya a bayan ɗaya.

Idan mai harbi ya tura mariƙin ƙasa, sakatar da ke cikin bindigar sai ta ja da baya, ta fitar da kwanson harsashin da aka harba, ta kuma ɗana 'yar gudumar da ke bugun harsashi. Idan ya maido da mariƙin sama, sabon harsashi ya shige mazauninsa, sakatar ta kulle.

Ana yin wannan duka da hannu ɗaya, ba tare da an sauke bindigar daga kafaɗa ba, abin da ya sa ta yi farin jini a wurin mahaya dawakai.

Mai ɗinkin riguna da maƙerinsa

Oliver Winchester, wanda bindigar ke ɗauke da sunansa, ba maƙeri ba ne. Attajiri ne da ya yi arziki da masana'antar ɗinka rigunan maza a birnin New Haven na jahar Connecticut.

A shekara ta 1855 ya zuba jari a kamfanin Volcanic, wanda ke ƙera bindiga mai mariƙi bisa fasahar Horace Smith da Daniel Wesson. Bindigar ba ta samu kasuwa ba saboda harsashinta ba shi da ƙarfi, kuma ba a jima ba kamfanin ya durƙushe.

Mista Winchester ya karɓe kadarorinsa, ya kafa kamfanin New Haven Arms a shekara ta 1857, sannan ya ɗora wa shugaban ma'aikatansa, Benjamin Tyler Henry, nauyin gyara bindigar da harsashinta.

A watan Oktoba na shekara ta 1860 aka yi wa sabuwar bindigar rajista da sunan Henry. Tana ɗaukar harsasai 15 a bututunta, da kuma ɗaya a mazauni, wato 16 ke nan, kowanne a cikin kwanso na ƙarfe da ruwa ba ya lalata shi.

Watanni kaɗan bayan haka yaƙin basasar Amurka ya ɓarke. Gwamnati a Washington ta sayi kimanin 1,700 ne kawai daga cikin kusan 14,000 da aka ƙera, domin ta fi karkata ga wata bindigar mai mariƙi samfurin Spencer, mai ɗaukar harsasai bakwai, wadda shugaba Abraham Lincoln ya gwada da kansa a shekara ta 1863.

To amma sojojin Arewa da dama sun sayi Henry da kuɗin aljihunsu. Ana danganta wa dakarun Kudu maganar cewa bindiga ce da ake ɗura wa harsashi ranar Lahadi, a yi ta harbi da ita har ƙarshen mako.

Henry tana da nata naƙasu. Bututun harsasanta yana da tsaga a ƙasa, inda ƙura da laka ke shiga, kuma ba ta da katako a gaba da zai kare hannu daga zafin ƙarfe.

Wani ma'aikacin kamfanin mai suna Nelson King ne ya magance matsalar, inda ya ƙirƙiro 'yar ƙofa a gefen bindigar da ake zura harsasai ta cikinta. Da wannan gyara aka fito da samfurin 1866, na farko da ya ɗauki sunan Winchester.

Samfurin 1873 ne ya fi shahara. An ƙera fiye da 720,000 kafin a dakatar da shi a farkon ƙarni na 20, kuma masu talla sun yi masa kirari da bindigar da ta ci yammacin Amurka da yaƙi.

A fagen daga

Wannan kirari ya ɓoye wani ɓangare na tarihin, domin yankin da ake cewa an ci da yaƙi ƙasa ce ta ƙabilun 'yan asalin Amurka, waɗanda aka raba da filayensu da ƙarfin bindiga.

Su ma 'yan asalin ƙasar sun mallaki bindigar ta hannun 'yan kasuwa. A watan Yuni na shekara ta 1876, mayaƙan ƙabilun Lakota da Cheyenne sun hallaka Laftanar Kanar George Custer da dakarunsa fiye da 200 a gaɓar kogin Little Bighorn, cikin jahar Montana ta yanzu.

Sojojin Custer suna riƙe ne da bindigar Springfield mai harsashi ɗaya. Tonon da masana kayan tarihi suka yi a filin cikin shekarun 1980 ya gano kwanson harsasai na Henry da Winchester masu yawa a wuraren da mayaƙan ƙabilun suka ja daga.

Shekara guda bayan haka, bindigar ta ja hankalin hafsoshin Turai a can gabashin nahiyar. Daular Usmaniyya ta Turkiyya ta sayi Winchester samfurin 1866 kimanin 50,000 a shekarun 1870 da 1871.

Lokacin da dakarun Rasha suka auka wa garin Plevna, wanda yanzu ake kira Pleven a ƙasar Bulgeriya, a shekara ta 1877, sojojin Usman Pasha sun yi ta harbinsu daga nesa da manyan bindigogi masu harsashi ɗaya, sannan idan sun matso kusa da ramukan tsaro sai su ɗauki Winchester.

Sau uku Rashawa suna kai farmaki, na ukun tare da ƙawayensu na Romaniya, ana mayar da su da asarar dubban rayuka. Sai da aka yi wa garin ƙawanya, abinci ya ƙare, sannan Usman Pasha ya miƙa wuya a watan Disamba.

Daga bariki zuwa dajin farauta

Duk da darasin Plevna, manyan rundunonin duniya ba su rungumi bindiga mai mariƙi ba. Sun zaɓi mai sakata a gefe, irin ta kamfanin Mauser na Jamus.

Dalilan a fili suke. Sojan da ya kwanta rub-da-ciki yana shan wahala wajen tura mariƙi ƙasa. Haka kuma, da aka koma amfani da harsasai masu tsini, jera su a bututu ɗaya ya zama haɗari, domin tsinin na baya yana tokarar gindin na gaba, daidai inda wuta ke tashi.

Kamfanin Winchester ya koma ga mafarauta da manoma da makiyaya. Shahararren maƙerin nan John Moses Browning ya zana masa samfuran 1886 da 1892 da 1894 da kuma 1895, waɗanda suka fi na baya ƙarfi.

Samfurin 1894 kaɗai an sayar da fiye da miliyan 7. Shi kuwa na 1895, wanda ke ajiye harsasansa a akwati maimakon bututu, Rasha ta sayi kusan 300,000 a lokacin yaƙin duniya na ɗaya, kuma tsohon shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya je farauta da shi gabashin Afirka a shekara ta 1909.

An rufe tsohuwar masana'antar New Haven a shekara ta 2006.

Tun kafin wannan lokaci sana'ar kwaikwayon tsofaffin samfuran ta kafu. Kamfanin Uberti, wanda aka kafa a arewacin Italiya a shekara ta 1959, ya yi suna wajen ƙera kwafin bindigogin zamanin kaboyi, domin masu shirya fina-finai da masu gasar harbi. A shekara ta 2013 kuma aka dawo da samfurin 1873 kasuwa da sunan Winchester, inda kamfanin Miroku na Japan ke ƙera shi.

Waɗannan duka masana'antu ne masu lasisi, kuma kowace bindiga da suka fitar tana da lambarta.

Zuwan na'urar ɗab'i

Na'urar ɗab'i ta 3D tana gina abu ne daga zanen da aka shirya a kwamfuta. Irin wadda aka fi samu a gidaje tana narkar da zaren roba, tana shimfiɗa shi hawa-hawa, kowane hawa bai kai kaurin milimita ɗaya ba, har siffar abin ta kammala.

Fasahar ta samo asali ne daga shekarun 1980, lokacin da injiniyoyi irin su Chuck Hull da Scott Crump suka yi wa hanyoyinsu rajista a Amurka. A wancan lokaci manyan kamfanoni ne kawai ke iya sayen na'urar.

Abubuwa biyu ne suka karya farashinta. A shekara ta 2005 Dokta Adrian Bowyer na jami'ar Bath da ke Ingila ya ƙaddamar da shirin RepRap, wanda ya saki zanen na'urar kyauta ga kowa. Sannan a shekara ta 2009 wa'adin haƙƙin mallakar da Mista Crump ya yi wa rajista ya ƙare. A yau ana samun ƙaramar na'ura a kan 'yan ɗaruruwan daloli.

A watan Mayu na shekara ta 2013, wani ɗalibin shari'a a jahar Texas mai suna Cody Wilson ya harba wata ƙaramar bindiga da ya kira Liberator, wadda kusan dukkan sassanta na roba ne da aka buga.

Ƙungiyarsa ta Defense Distributed ta saka zanen a intanet, kuma an sauke shi kimanin sau 100,000 a cikin kwanaki biyu, kafin ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta ba da umarnin a cire shi, bisa dokokin fitar da makamai zuwa ƙetare.

Aka shiga shari'a ta shekaru. A shekara ta 2018 gwamnati ta sasanta da ƙungiyar, amma wani alƙalin tarayya a birnin Seattle ya dakatar da sake wallafa zanen, bayan da wasu jahohi suka shigar da ƙara. Sai dai kafin nan zanen ya riga ya bazu a shafuka da dama.

Roba da ƙarfe

Masu nazarin ƙananan makamai sun kasa bindigogin da ake bugawa gida uku. Akwai waɗanda kusan dukkansu roba ne, akwai waɗanda ake haɗa roba da ƙarafan da aka sarrafa da hannu, sannan akwai waɗanda gangar jikinsu kawai ake bugawa, sauran sassan kuwa na masana'anta ne.

Kashi na farko shi ne ya fi rauni. Lokacin da harsashi ya tashi, iskar da ke cikin bututu tana matsa bangonsa da ƙarfi mai tsanani, tare da zafi. Abin da aka gina hawa-hawa kuwa yakan tsage ne daidai inda hawa biyu suka haɗu, kuma ido ba ya ganin wannan rauni kafin ya bayyana.

'Yan sandan jahar New South Wales ta Ostareliya sun buga Liberator don gwaji a shekara ta 2013, kuma ɗaya daga ciki ta tarwatse a lokacin harbi. Hukumar ATF mai kula da makamai a Amurka ita ma ta nuna hoton bidiyon wata da ta fashe a harbin farko. 'Yan sandan New South Wales sun yi gargaɗin cewa mai riƙe da irin wannan bindiga yana iya rasa ransa.

Bindiga mai mariƙi ta fi waɗannan wuyar kwaikwayo. Tana da ƙananan sassa masu yawa da ke motsi tare, kuma dole kowanne ya iso wurinsa a daidai lokacinsa. A masana'antar New Haven, ƙwararrun ma'aikata ne ke goge sassan da hannu har su dace da juna.

Wannan ne ya sa masu sha'awar tarihi da dama suke tsayawa a kan kwafin da ba ya harbi. Wasu kan bar gefensa a buɗe domin a ga yadda sakata da mariƙi ke aiki, abin da ke da amfani ga ɗalibai da masu ziyartar gidajen adana kayan tarihi. Masu shirya fina-finai ma suna amfani da kwafin roba a wuraren da ba a buƙatar harbi.

To sai dai raunin roba bai hana fasahar ci gaba ba. Samfurin FGC-9, wanda aka saki zanensa a shekara ta 2020, ya bayyana a hannun 'yan tawayen ƙasar Myanmar bayan juyin mulkin shekara ta 2021, kuma 'yan sanda a ƙasashen Turai da dama sun kama shi a wurin masu laifi da masu tsattsauran ra'ayi.

A watan Disamba na shekara ta 2024, 'yan sandan Amurka sun ce bindigar da aka samu a hannun mutumin da ake zargi da kashe shugaban kamfanin inshorar lafiya na UnitedHealthcare a birnin New York tana da sassan da aka buga da irin wannan na'ura.

Abin da doka ta ce

Tsufan samfuri ba ya fitar da kwafinsa daga ƙarƙashin doka. A Amurka, dokar tarayya ta 1968 ta ɗauki bindigar da aka ƙera a shekara ta 1898 ko kafin nan a matsayin kayan tarihi, amma sabon kwafin da ke amfani da harsashin da ake sayarwa a kasuwa bindiga ce kamar kowace.

Dokar tarayya ta bar wanda ba a haramta wa mallakar makami ba ya ƙera bindiga don amfanin kansa, ko da yake jahohi kamar California da New York da New Jersey sun kafa nasu sharuɗɗa masu tsauri.

Akwai kuma dokar 1988 da ta haramta bindigar da na'urar gano ƙarfe ba za ta iya gani ba, wadda majalisar dokoki ta sabunta a shekara ta 2024. A watan Maris na 2025 kotun ƙolin ƙasar ta amince da ƙa'idar da ta tilasta wa masu sayar da sassan haɗa bindiga su sa musu lamba, su kuma binciki mai saye.

A wasu ƙasashen lamarin ya fi tsanani. Wata kotu a Japan ta ɗaure wani ma'aikacin jami'a shekaru biyu a 2014 saboda buga bindigogi. Jahar New South Wales ta mayar da mallakar zanen kansa laifi a shekara ta 2015, da hukuncin da zai iya kai wa ɗaurin shekaru 14, kuma daga bisani Singapore da Kanada suka kafa dokoki makamantan wannan.

A Birtaniya ƙera bindiga ba tare da izini ba babban laifi ne. Hatta kwafin da ba ya harbi, wata doka ta 2006 ta hana ƙera shi idan ya yi kama da bindigar gaske ƙwarai, sai dai ta yi sassauci ga gidajen tarihi da masu fim da wasan kwaikwayo, ta kuma ware samfuran da suka girmi shekara ta 1870.

Yammacin Afirka ya daɗe da sanin matsalar bindigogi marasa lamba, tun kafin zuwan wannan na'ura, saboda waɗanda maƙera ke yi a ɓoye. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta haramta ƙera bindiga ba tare da izinin hukuma ba, kuma yarjejeniyar ECOWAS kan ƙananan makamai, wadda aka sanya wa hannu a Abuja a shekara ta 2006, ta buƙaci a yi wa masu ƙerawa rajista, a kuma sa wa kowane makami alama.

Muhimmancin lamba

A watan Nuwamba na shekara ta 2014, ma'aikatan gandun dajin Great Basin da ke jahar Nevada suka tsinci wata Winchester samfurin 1873 a jingine da wata bishiya. Katakonta ya bushe ya tsattsage, ƙarfenta ya yi tsatsa, amma lambar da aka buga a jikinta tana nan.

Aka tuntuɓi gidan adana makamai na garin Cody a jahar Wyoming, inda ake ajiye da tsofaffin littattafan rajistar kamfanin. Littattafan sun nuna cewa an ƙera bindigar, an kuma fitar da ita daga masana'anta, a shekara ta 1882, ko da yake ba a rubuta sunan wanda ya saye ta ba.

Da irin wannan lamba ne 'yan sanda ke bin makamin da aka samu a wurin aikata laifi, daga masana'anta zuwa dillali, daga dillali zuwa mai saye na farko. A kanta ne kuma yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2001 kan safarar bindigogi, da tsarin bin sawun makamai na 2005, suka dogara.

Hukumomin Amurka sun ce a shekara ta 2021 an kama bindigogi marasa lamba kimanin 19,000 a binciken laifuka, wato kusan ninki goma na adadin shekara ta 2016. Akasarinsu an haɗa su ne daga sassan da aka saya, amma adadin waɗanda ake bugawa yana ƙaruwa.

Masu kare 'yancin mallakar makami a Amurka suna cewa ƙera bindiga a gida tsohuwar al'ada ce da ta girmi ƙasar kanta, kuma zane a kwamfuta wani nau'i ne na faɗin albarkacin baki. Jami'an tsaro kuwa suna cewa zanen da aka saka a intanet a Texas, ana iya sauke shi a ƙasar da dokarta ta hana farar hula riƙe makami, ba tare da ya bi ta hannun jami'in kwastan ko ɗaya ba.